Shaidar Gawa: Tarihin Karatun Raunin Harsashi da Ƙunar Wuta

A shari'ar kisan kai, alƙali yana da ikon kiran kowa ya yi masa tambaya, in ban da mutum ɗaya, wato wanda aka kashe. Wanda ake tuhuma zai faɗi nasa, shaidu su faɗi nasu, lauyoyi su yi ta jan zance, amma mai ainihin labarin yana kwance a makara. Ilimin da ake kira likitancin shari'a ya taso ne daga ƙoƙarin cike wannan giɓi, wato a koyi karanta abin da mutuwa ta rubuta a jikin mamaci. Cikin irin wannan rubutu kuwa babu mai wuyar karatu kamar na harsashi da na wuta. Harsashi yakan gama aikinsa cikin ƙiftawar ido, kafin mai kallo ya tantance abin da ya gani. Wuta kuma takan kashe, sannan ta zauna ta cinye shaidar. Wannan muƙala za ta bi sawun yadda aka koyi wannan karatu. Za a ga cewa kusan kowane ci gaba da aka samu ya zo ne daga hannun wani da ya ƙi gamsuwa da abin da aka gaya masa, ya tashi ya gwada, kuma duk inda aka daina gwadawa, masanin kimiyya ya zama shaidar zur kamar kowane mai son zuciya.

Labari mafi daɗewa a wannan fage daga ƙasar Sin ya fito. Tsofaffin littattafan shari'a na can sun kawo labarin wani mai hukunci, Zhang Ju, wanda ake dangantawa da ƙarni na uku. An kawo masa wata mata da dangin mijinta suka ce ita ta kashe shi, sannan ta cinna wa gida wuta. Ita kuwa ta tsaya a kan cewa gobara ce ta ci shi. Zhang Ju ya sa aka kawo aladu biyu, aka kashe ɗaya, aka bar ɗaya da rai, aka tara itace aka ƙone su tare. Da wuta ta mutu aka buɗe bakunansu. Wanda ya ƙone da rai bakinsa cike da toka, wanda aka riga aka kashe kuwa babu komai a nasa. Aka duba bakin mijin, babu toka. Matar ta amsa laifinta.

Hikimar ba ta da wuyar fahimta: mai rai yana numfashi, don haka zai shaƙi hayaƙi da toka, gawa ba ta shaƙar komai. A shekarar 1247 wani babban jami'in shari'a mai suna Song Ci ya tattara irin wannan sani a littafin da ake fassara sunansa da "wanke zalunci". A ciki ya ƙara wata lura da ta fi ta aladu zurfi. Ya ce gawar da wuta ta ci takan dunƙule hannuwa da ƙafafu ko da rai aka ƙona ta ko bayan mutuwa, saboda haka kada mai bincike ya dogara da wannan, ya duba baki da hanci. Ya kuma matsa wa jami'ai lamba su tsaya a kan gawa da kansu, kada wari ya sa su koma nesa su bar wa ƙananan ma'aikata aikin. Duk wanda ya san yadda ake cike takardar rahoto a ofis ba tare da an je wurin ba, ya san dalilin wannan gargaɗi.

Wanzamin da mai ya ƙare masa

A ƙasar Sin aka fara haɗa albarushi, amma a yaƙe-yaƙen Turai ne raunin bindiga ya zama babbar matsalar likitoci. Sun saba da saran takobi da sukan mashi, waɗanda bakinsu a fili yake. Sai ga wani sabon rauni mai baƙin baki, mai kumbura, mai ruɓa, wanda ke kashe mutum da zazzaɓi bayan kwanaki. A yau an san dalili: dunƙulen dalma yana murƙushe tsoka, yana kuma tura yankin tufa mai dauɗa zuwa cikin jiki, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. A wancan zamani kuwa sai aka ce albarushi dafi ne. Giovanni da Vigo, likitan Fafaroma Julius na Biyu, ya tabbatar da wannan ra'ayi a littafinsa na shekarar 1514, ya ce maganin dafin shi ne a tsiyaya tafasasshen mai a cikin raunin, ko a yi masa lalas da jan ƙarfe. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Da zarar an yarda cewa akwai dafi, ƙona wurin ya zama abin da hankali zai ɗauka.

A shekarar 1537 wani saurayi Bafaranshe, Ambroise Paré, ya bi rundunar Sarki Francis na Ɗaya zuwa yankin Turin a arewacin Italiya. Wanzami ne, domin a Turai ta lokacin wanzamai ke aski, su yi ƙaho, su kuma yi fiɗa, manyan likitoci masu Latinanci suna kallonsu a raine. Bayan wani gumurzu, raunanan suka yi yawa har man da yake tafasawa ya ƙare. Don kada ya bar sauran haka nan, ya kwaɓa gwaiduwar ƙwai da man wardi da wani mai da ake samu daga ƙaron itace, ya shafa musu. Kamar yadda ya ba da labari da kansa daga baya, bai iya barci ba a daren, yana tsoron ya wayi gari ya tarar dafi ya kashe su. Da asuba ya tarar waɗanda ya shafa wa haɗin sun yi barci, raunukansu ba su kumbura ba, waɗanda aka ƙona da mai kuwa suna ta juyi da zazzaɓi da raɗaɗi.

Sa'a ce ta raba masa majinyata gida biyu. Abin yabonsa shi ne ya gane abin da sa'ar ta nuna masa, ya kuma maimaita shi da gangan. Wata tsohuwa 'yar ƙauye ta gaya masa cewa ɗanyar albasa da aka daka da gishiri tana hana ƙuna yin bororo. Da aka kawo masa sojan da albarushi ya ƙone wa fuska, sai ya sa albasar a gefe ɗaya, ya sa maganin da aka saba a ɗaya gefen, don ya ga bambanci da idonsa. A 1545 ya wallafa littafinsa kan raunin bindiga da Faransanci, harshen da wanzamai 'yan uwansa za su iya karantawa.

A daidai wannan zamani kotuna suka fara neman likita. Dokar manyan laifuka ta Sarki Charles na Biyar, wadda aka kafa a 1532, ta tanadi a nemi ra'ayin masu fiɗa idan ana shakkar abin da ya kashe mutum. Paré ya rubuta babi a 1575 kan yadda likita zai tsara rahoto ga alƙali. Daga nan aikin ya rabu biyu: mai warkar da rauni, da mai karanta shi.

Me ake karantawa? Bakin bindiga ba harsashi kaɗai yake fitarwa ba. Akwai harshen wuta, da iska mai zafi, da hayaƙi, da ƙwayoyin albarushi da ba su gama ƙonewa ba, kuma kowannensu da iyakar nisan da yake kaiwa. Idan an manna bakin bindiga a fata, duk wannan yakan shige cikin raunin, wani lokaci har siffar bakin bindigar ta fito a fatar kamar hatimi. In a kan ƙoƙon kai ne, iskar takan dawo ta tsaga fata kamar tauraro. Idan an ja da baya kaɗan, hayaƙi yakan bar baƙin zobe. In an ƙara nisa, hayaƙin ba ya isowa, sai ƙwayoyin albarushi su huda fata su bar ɗigo-ɗigo kamar shasshawa. Da an wuce kimanin tsawon hannu, a yawancin ƙananan bindigogi, babu abin da ke isa sai harsashin. Ke nan wanda aka ce ya harbe kansa, amma babu hayaƙi babu ɗigo a fatarsa ko rigarsa, labarinsa yana buƙatar sake tambaya. Mashigar harsashi takan kasance ƙarama, da ɗan zoben ƙujewa a gefenta. Mafita sau da yawa ta fi faɗi da yagewa, ko da yake ba kullum ba, kuma likitoci da dama sun sha ruɗewa a nan. Ƙashin kai ya fi fata riƙon amana: ramin yakan buɗe kamar mazurari ta ɓangaren da harsashi ya nufa. Wani likitan Jamus, Georg Puppe, ya lura a farkon ƙarni na ashirin cewa tsagewar ƙashi ta biyu takan tsaya inda ta ci karo da ta farko, don haka ana iya sanin wane rauni ya riga wane.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Baƙin hayaƙi a kan fata ruwa da sabulu suna tafiya da shi, rigar mamaci kuma sau da yawa ita ce rabin shaidar. A garuruwanmu ana gaggauta wanka da sutura, kuma gaggawar tana da tushe mai daraja. Sai dai ɗaukar hoton rauni, da auna shi, da adana riga a takarda, ba sa buƙatar a feɗe kowa, ba sa kuma hana a kai mamaci makwancinsa kafin la'asar. Iyalin da suka ce sun bar wa Allah suna da haƙƙin faɗin haka. Hukumar da ba ta aiko mai dubawa ba kafin a ɗora ruwan wanka ba ta da wannan uzuri.

Daga rauni zuwa bindiga

Sanin nisa da inda harsashi ya fito bai gaya wa alƙali bindigar wa ce ba. A 1835 wani ɗan sandan Landan, Henry Goddard, ya je Southampton binciken wani gida da babban baransa ya ce ɓarayi sun shiga har sun harbe shi suka kuskure. Goddard ya lura da wani ɗan tsiro a jikin harsashin, ya kuma sami ɗan rami daidai da shi a mazubin da baran ke zuba harsasansa. Baran ya amsa cewa shi ya shirya abin don ya sami shiga wurin uwar gidansa. Daga baya masana'antu suka rinƙa yanka tsagi mai murɗe a cikin bututun bindiga don harsashi ya tafi yana juyawa, kuma tsagin yakan bar zanensa a jikin dalma. A 1889 Farfesa Alexandre Lacassagne na birnin Lyon ya ƙirga irin wannan zane a harsashin da ya ciro daga gawa, ya daidaita shi da bindigar wanda ake tuhuma.

Da kotuna suka fara sauraron masana bindiga, sai 'yan damfara suka sami kasuwa. A 1915 aka kashe wani manomi da mai aikin gidansa a jihar New York ta Amurka, aka kama wani ɗan ƙwadago, Charles Stielow, wanda bai iya karatu ba. Wani mai sayar da magunguna da ya naɗa wa kansa rawanin gwani, Albert Hamilton, ya rantse cewa ya ga ƙarzuwa a bakin bindigar Stielow wadda ta yi daidai da ta jikin harsasan. Aka yanke hukuncin kisa, har an kusa ɗora shi a kujerar lantarki kafin a dakatar. Da Charles Waite na ofishin babban lauyan jihar ya sake bincike, aka harba bindigar aka kwatanta, sai ga shi ko kusa harsasan ba su yi kama ba. An saki Stielow a 1918. Abin ya tsaya wa Waite a rai, ya shafe shekaru yana zagaya masana'antu yana tattara bayanin kowace irin bindiga. A 1925, shi da Calvin Goddard da Philip Gravelle suka fara aiki da madubin ƙara girma mai haɗa hoton harsasai biyu gefe da gefe a ido ɗaya. Da shi Goddard ya nuna a 1929 cewa bindigogi biyu ƙirar Thompson ne suka kashe mutum bakwai a wani gareji a Chicago, kuma ba na 'yan sandan birnin ba ne.

A waɗannan shekaru, a Alƙahira, wani likita ɗan New Zealand mai suna Sydney Smith yana irin wannan aiki a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta Masar. Ƙasar tana tafasa da neman 'yanci daga Ingila, ana ta harbe jami'an Turawa da na gwamnati a titi, Smith kuwa yana tara harsasai da kwansonsu daga kowane hari. Ranar 19 ga Nuwamba, 1924, aka buɗe wa motar Sir Lee Stack wuta. Shi ne babban kwamandan sojan Masar kuma Gwamna Janar na Sudan. Washegari ya cika. Smith ya ga cewa harsashin da ya kashe shi yana ɗauke da wata ƙarzuwa da lahanin cikin bututu ya bari, kuma ya riga ya san wannan ƙarzuwa daga hare-haren baya: ƙaramar bindiga ce ƙirar Colt. Ya san bindigar sarai tun kafin ya taɓa ganinta. A farkon 1925 wani ɗan leƙen asiri ya ruɗi wasu 'yan uwa biyu, 'ya'yan gidan Enayat, suka gudu ta hanyar hamadar yamma, aka kama su da makamai ɓoye a kwandon 'ya'yan itace. Aka harba bindigogin, ɗaya ta fitar da ƙarzuwar. An yanke wa mutum takwas hukuncin kisa, aka rataye bakwai.

Ta fuskar kimiyya aikin Smith ba shi da aibi. Amma ya kamata a lura da jerin kwanaki. Ranar 22 ga Nuwamba, tun ba a kama ko mutum ɗaya daga cikin makasan ba, Lord Allenby ya kai wa gwamnatin Sa'ad Zaglul takardar sharuɗɗa: tarar fam dubu ɗari biyar, janye sojan Masar daga Sudan, da faɗaɗa noman rani a Jazira da ruwan Nilu yadda Ingila ta ga dama. Zaglul ya yi murabus, kafin wata ya ƙare kuma sojojin Sudan da suka yi bore a Khartum suka sha luguden wuta. Mutum takwas ne madubin likita ya yi wa shari'a. Ƙasashe biyu kuwa an hukunta su ba tare da an jira shi ba.

Motoci biyu

Wuta ta fi harsashi iya ƙarya. Zafi yana ƙanƙance tsoka, kuma da yake tsokar naɗe gaɓa ta fi ta miƙewa ƙarfi, gawa takan dunƙule hannu ta ɗaga shi kamar ɗan dambe a fage, har wanda bai sani ba ya ce mamacin ya mutu yana kokawa. Fata takan tsage kamar an yanka da wuƙa. Ƙoƙon kai yakan fashe, jini ya taru a ƙarƙashinsa kamar an buga masa gora. Duk wannan wuta kaɗai tana iya yin sa a jikin wanda ya riga ya mutu. Likitoci sun daɗe suna rarraba ƙuna don jinya, tun daga Fabricius Hildanus da ya kasa ta mataki uku a 1607 zuwa Dupuytren da ya kai ta shida, amma tambayar kotu ita ce dai ta Zhang Ju: yana numfashi sa'ad da wuta ta kama? Zamani ya ƙara hanyoyi biyu na amsa ta. Ana buɗe maƙogwaro har zuwa huhu a nemi kunkunniya, ana kuma auna iskar kabon monoksaid a jini, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu, ta mai da shi ja jawur.

A ƙarshen Nuwamba, 1929, aka sami wata mota ƙirar Opel ta ƙone ƙurmus kusa da Regensburg a Jamus, da gawa a mazaunin direba. Motar ta wani ɗan kasuwar Leipzig ce, Erich Tetzner, matarsa kuma ta karɓi gawar a matsayin mijinta. Sai dai bai daɗe da sayen inshorar rai mai tsoka ba, kamfanin inshora kuwa ba ya kuka a gidan makoki. Suka nemi Farfesa Richard Kockel ya duba gawar ana gab da binne ta. Abin da ya rage bai fi kututture ba, amma ya isa. Babu kunkunniya a maƙogwaro, babu iskar gubar a jini. Ƙasusuwan na mutum ne da bai kai Tetzner jiki ba. A cikin huhu kuma ya sami ɗigon kitse a ƙananan jijiyoyin jini, abin da ke faruwa idan an farfasa jikin mutum zuciyarsa tana bugawa, jini ya kwashi kitsen ya kai huhu. Ma'ana, an yi wa wani duka ko sara yana da rai, ya mutu, sannan aka ƙone shi. 'Yan sanda suka saurari wayar matar, suka kama Tetzner a Strasbourg yana kiranta don jin labarin kuɗi. An kashe shi a watan Mayu, 1931.

Shekara ɗaya bayan motar farko, da asubahin 6 ga Nuwamba, 1930, wasu samari biyu da ke dawowa daga rawa suka ga wuta a wata hanya kusa da Northampton a Ingila, suka kuma yi kiciɓis da wani mutum yana tahowa daga wajen. Daren bukin cinna wuta ne na Ingilawa, shi ya sa ya zaɓe shi. Sunansa Alfred Rouse, ɗan tallan kamfani da ɗawainiyar mata da 'ya'ya barkatai ta yi wa katutu, yana so a ɗauka ya mutu. A nan Sir Bernard Spilsbury ya sami akasin abin da Kockel ya samu: akwai kunkunniya a hanyar numfashi. Mutumin da ke cikin motar yana da rai wuta ta kama shi. Rouse ya ce haɗari ne, wai ya rage wa baƙo hanya, ya fita biyan buƙata, baƙon ya kunna taba kusa da fetur. Yanayin kwanciyar gawar, da tsumman da ya jiƙe da fetur, da mahaɗin bututun mai da aka samu a kwance, suka ƙaryata shi. An rataye shi a Maris, 1931.

Gwaji ɗaya, amsa biyu mabambanta, kuma kowace ta kai mai laifi ga hukunci. Su kuwa mutanen biyu da aka ƙone, har yau ba a san sunan ko ɗaya ba. Da gangan aka zaɓe su daga cikin matafiya marasa galihu, waɗanda ba mai cigiyarsu.

Idan hukuma ce ta harba

Duk shari'o'in da suka gabata, hukuma ce ke neman mai laifi. Awon gaskiya na wannan ilimi yana zuwa ne ranar da bindigar ta hukuma ce.

Ranar 21 ga Maris, 1960, dubban baƙaƙen fata suka taru a gaban ofishin 'yan sanda na Sharpeville a Afirka ta Kudu, suna ƙin dokar takardar izinin yawo. 'Yan sanda suka buɗe wuta. Adadin da hukuma ta amince da shi mutum 69 ne suka mutu, kimanin 180 suka ji rauni. Gwamnati ta ce taron ne ya auka wa jami'anta. Shaidar likitoci a gaban kwamitin bincike ta nuna cewa mafi yawan harsasan ta baya suka shiga. Mai karatu da ya yi makarantar allo ya san wannan hujja daga ƙissar Annabi Yusuf (AS), inda aka raba gardama da duba ko ta gaba rigar ta yage ko ta baya. Mai kawo hari ba ya ba da baya. Gawarwakin sun faɗi gaskiya, an kuma rubuta ta, amma ba a hukunta ɗan sanda ko ɗaya ba, a 1961 ma majalisa ta yi dokar da ta kare gwamnati da jami'anta daga ƙara.

A Sharpeville an yi biris da shaidar kimiyya. Abin da ya faru a garin Derry na Ireland ta Arewa ya fi wannan muni, domin a can da ita aka shafa wa matattu baƙin fenti. Ranar Lahadi, 30 ga Janairu, 1972, sojojin laima na Birtaniya suka harbe mutum 13 har lahira a wajen wata zanga-zangar neman haƙƙi, na goma sha huɗu ya rasu bayan watanni. Sojojin suka ce 'yan bindiga da masu jifa da bam suka harba. Aka goge hannuwa da tufafin mamatan, aka gwada, aka sami burbushin dalma a jikin wasu. Babban Alƙalin Ingila, Lord Widgery, wanda ya fitar da rahotonsa a watan Afrilu na shekarar, ya dogara da wannan ya ce akwai zato mai ƙarfi cewa wasunsu sun harba bindiga ko sun riƙe bam.

Tambayar da wanzamin Turin zai fara yi, ba a ba ta nauyinta ba: ta wace hanya kuma dalma za ta iya hawa hannun mutum? Harsashin da ya kashe shi dalma ne a cikinsa, kuma yana tarwatsewa. Sojojin da suka gama harbi su suka ɗauki wasu gawarwakin da hannuwansu, suka jefa a motar soja da ke cike da ƙurar harbi. An riga an san irin wannan tarko, domin tsohon gwajin kakin da aka fara a Mexico a 1933 don gano wanda ya yi harbi ya zubar da mutuncinsa bayan an ga takin zamani da taba suna ba da amsa iri ɗaya da albarushi. Ɗaya daga cikin mamatan, Bernard McGuigan, ɗan shekara 41 mai 'ya'ya shida, ya fito ne yana kaɗa farin hankici don ya taimaki wani da ke kwance yana mutuwa, harsashi ya same shi ta bayan kai. Rahoton Widgery bai ce yana ɗauke da makami ba, amma ya ce dalmar hannunsa dalilin zato ce cewa ya tsaya dab da wani mai harbi.

Iyalan suka shafe shekara 26 suna neman a sake zama. A 1998 aka kafa sabon kwamiti a ƙarƙashin Lord Saville, masanan da ya kira suka bi tsohon gwajin dalla-dalla suka ce ba ya tabbatar da cewa wani ya taɓa makami. Rahoton ya fito ranar 15 ga Yuni, 2010, yana cewa babu ko ɗaya cikin waɗanda aka harba da ke barazanar kisa ko jikkata wani, wasu suna gudu ne, wasu suna taimakon waɗanda suka faɗi. Firayim Minista David Cameron ya nemi gafara a majalisa. A dandalin Guildhall na Derry dangi suka rinƙa hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kira sunan nasa ya ce ba shi da laifi. Shekara 38 ke nan da harbin, kuma da yawa daga iyayen samarin da aka kashe sun riga sun rasu.